Daga Mudu Zuwa Kalori: Tarihin Yadda Muke Auna Abin da Muke Ci

 

'Yan'uwa masu karatu, akwai wata kalma da ta shigo bakin jama'armu a 'yan shekarun nan, wato "kalori". Likita zai ce wa mai ciwon suga ya rage ta. Ma'aikatan agaji a sansanonin 'yan gudun hijira da ita suke lissafin rabon hatsi. 'Ya'yanmu kuma suna ganinta a jikin kwalin madara da kwalbar lemo, har wasunsu sun fara ƙin tuwon dare saboda ita. Wasu dattawanmu suna cewa ai wannan shirmen Turawa ne, kakanninmu ba su ƙirga komai ba kuma sun rayu. To, gaskiyar magana kakanninmu sun ƙirga, da mudu suka ƙirga. A wannan fitowa za mu bi tarihin ma'aunan nan guda biyu, mu ga inda kowanne ya fito, da yadda suka haɗu a nan Njamena, da abin da hakan ke nufi ga gidajenmu.

Mudu da sa'i

A shekara ta biyu bayan Hijira, daidai da 624 Miladiyya, aka wajabta azumin Ramadan, kuma a shekarar ce aka shar'anta zakkar fidda kai. An ƙayyade ta da sa'i ɗaya na abincin da mutanen gari suka fi ci, sa'i kuwa mudu huɗu ne da mudun Annabi (SAW). Daga nan mudu ya zama ma'aunin da fiƙihu ke komawa gare shi duk lokacin da aka zo maganar ciyarwa. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya karya azumin Ramadan da gangan, in ya zaɓi ciyarwa, zai ba miskinai sittin mudu ɗaya-ɗaya. Kaffarar rantsuwa miskinai goma ne. Wanda ya yi sakaci da ramuwa har wani Ramadan ya riske shi, mudu ɗaya zai bayar a kan kowace rana. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 Hijira, ya san waɗannan.

Abin lura shi ne, ba a ɗauki mudu haka kawai ba. Shi ne kimanin abin da zai riƙe mutum ɗaya yini guda. Ku duba nisabin zakkar hatsi: wasaƙi biyar ne, kowane wasaƙi sa'i sittin, wato mudu 1,200 ke nan. Shah Waliyyullahi na Delhi, wanda ya rasu a 1762, ya yi bayani a littafinsa Hujjatullahil Baliga cewa wannan adadi shi ne abin da zai ishi ƙaramin gida, miji da mata da mutum na uku, tsawon shekara. In kun raba 1,200 da kwanakin shekara za ku samu mudu uku da ɗan wani abu a kullum. Kun ga ke nan Shari'a ba ta karɓar zakka daga manomi sai rumbunsa ya kai abin da zai ci da iyalinsa har wata kaka.

Gwajin da Sayyidina Umar ya yi

Akwai wani labari da Abu Ubaid ya kawo a Kitabul Amwal, Balazuri ma ya kawo shi a Futuhul Buldan. Lokacin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya so ya yanka wa mutane abinci daga baitulmali, bai yi kirdado ba. Ya sa aka auno jaribi ɗaya na hatsi, wani babban ma'auni ne na wancan zamani, aka niƙa, aka gasa gurasa, aka jiƙa ta da mai. Ya kira mutum talatin suka ci da rana, suka ƙoshi. Da dare aka maimaita. Sai ya yi lissafi: in jaribi biyu ya ciyar da mutum talatin yini ɗaya, to zai ciyar da mutum ɗaya kwana talatin. Ya yanka jaribi biyu a wata ga kowa, namiji da mace da bawa, ba bambanci.

Shi dai wannan Halifa, a shekara ta 18 Hijira da fari ya afka wa Hijaz, shekarar da ake kira Amur Ramada, ya hana kansa man shanu da nama, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya canza, ya kuma aika wa gwamnoninsa su turo ayarin abinci Madina. Saboda haka tun farkon Musulunci auna abinci yana tafe da tambaya ɗaya: nawa ne haƙƙin mai jin yunwa?

Ɗaya gefen kuma, wato iyakar mai ƙoshi, shi ma an yi maganarsa. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna. Hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya kasa ciki kashi uku, na abinci, na abin sha, da na numfashi. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijira, ya ɗauki wannan ya mayar da shi lissafi a cikin Ihya'u, a babin karya sha'awar ciki. Ya jera matakai: mai cin rabin mudu a yini, mai cin mudu guda, da mai ɗara mudu kaɗan, ya ce abin da ya wuce haka ga yawancin mutane ya shiga ɓarna. Amma ya yi gargaɗi cewa buƙata tana bambanta gwargwadon shekarun mutum da jikinsa da aikin da yake yi. Kuma Shari'a ba ta yarda da azabtar da jiki ba. An hana azumin ɗore, wanda ake haɗa kwana biyu ba buɗa baki, kuma Annabi (SAW) ya tsawata wa Abdullahi ɗan Amru (RA) da ya so ya riƙa azumi kullum, ya tuna masa cewa jikinsa ma yana da haƙƙi a kansa.

Akwai wata magana da ta shahara a bakin mutane, wadda ke nuna cewa ciki ne gidan cuta, kame baki kuma shi ne kan magani. Da yawa suna ɗaukarta hadisi. Ibnul Ƙayyim ya bayyana a Zadul Ma'ad cewa maganar Harisu ɗan Kalada ce, likitan Larabawa daga Ɗa'ifa, ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba. Hikima ce mai kyau, amma a ajiye ta a inda take. Ibn Sina kuwa, wanda ya rasu a 428 Hijira, ya ware wuri a littafinsa Alƙanun yana bayanin illar ƙiba mai yawa da hanyoyin rage ta, da kuma yadda ake ƙara wa ramamme jiki. Malamanmu na ƙasar Hausa sun gaji wannan ilimi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan gyaran addini da na jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar rubuce-rubuce da dama a fannin magani.

Guzurin hanyar Gabas

Yawancin Hausawan garin nan zuriyar matafiya ne. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri, tsallaken kogi, inda Rabeh da kwamandan Faransawa Lamy duk suka mutu, kuma a shekarar ce aka kafa Fort-Lamy a mahaɗar Shari da Logon. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a da yawa suka yi hijira zuwa Gabas, kuma shekaru da dama bayan haka maniyyata suka ci gaba da ratsowa a ƙafa da jakuna: daga Barno zuwa Kusuri, su ƙetare zuwa nan, su bi ta Ati da Abeshe da Adre, su shiga Darfur, har bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru. Wasu suka tsaya neman guzuri, suka kama fawa da ɗinki da fatauci da koyar da allo, daga nan zama ya kama su.

Matafiyi yana da nasa ilimin abinci. Yana neman abin da ba ya lalacewa, ba nauyi, kuma kaɗan ɗinsa ya riƙe ciki: garin gero na gumba, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, dabino, da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa na miya. A nan suka tarar da irin nasu, sharmut wato busasshen nama, da salanga da banda na kifin Shari da Tafkin Chadi. Duk abinci ne mai ƙarfi a ɗan ƙaramin ƙunshi, wanda ya dace da mutumin da zai taka tun asuba har la'asar. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ban da tafiya, yunwa ita ce babbar malamar da ta koya wa kakanninmu yadda za su kalli abinci. A ƙasar Hausa har suna ake sa wa kowace yunwa: Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta haɗa har da Wadai da sauran arewacin ƙasar nan, 'Yar Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta 1942, da Muda ta wajen 1954. Sai farin 1972 zuwa 1974, wanda ya sa ƙasashen Sahel, da Chadi a cikinsu, suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, shekarar da aka sauya wa garin nan suna zuwa Njamena. Sai yaƙin 1979 da 1980 da ya kori mutanen gari zuwa Kusuri, ba a gama farfaɗowa ba farin 1984 ya zo. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rasa kusan kashi tara cikin goma na faɗinsa zuwa tsakiyar shekarun 1980.

Mutanen da suka ga irin wannan, ba abin mamaki ba ne su ɗauki ƙiba alamar rufin asiri. In mutum ya yi teɓa sai a ce ya samu hutu. In amarya ta rame bayan wata uku, sai dangi su fara tambayar ko mijin ba ya ciyar da ita. Wannan tunani ya daɗe. Ibn Baɗɗuɗa, da ya ratsa daga Gawo zuwa Takedda a 1353, ya ba da labarin matan Bardama, ya ce bai ga waɗanda suka kai su ƙiba ba, kuma abincinsu nonon shanu ne da dakakken gero da ake sha safe da yamma. Ba ya rasa nasaba da furar da muke sha yau. A ƙasar da fari kan dawo duk bayan 'yan shekaru, kitsen jiki wani irin rumbu ne, kuma wanda ya ce bai da hikima bai san tarihi ba.

Daga ina kalori ta fito?

Kalori ba ta faro daga ɗakin girki ba, daga ilimin zafi ta faro. A hunturun 1782 zuwa 1783, wasu masana biyu na Faransa, Lavoisier da Laplace, suka sa ɓeran Masar a cikin wani akwati da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna ruwan da ɗumin jikinsa ya narkar. Suka gano cewa jiki yana ƙona abinci a hankali kamar yadda wuta ke cin gawayi, numfashi kuma shi ne iskar da ke hura ta. Wajen 1824 wani malamin injiniyoyi a Paris, Nicolas Clément, yana amfani da kalmar kalori wajen koyar da aikin injin tururi. Ma'anarta dai ita ce zafin da zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya.

Jamusawa irin su Carl Voit da Max Rubner suka kai ta ga abinci. Sai wani Ba'amurke, Wilbur Atwater, da ya yi karatu a wajensu, ya gina wani ɗaki rufaffe a jami'ar Wesleyan a shekarun 1890, yana sa mutum a ciki kwanaki, ana auna abin da ya ci, da abin da ya fitar, da zafin jikinsa. Daga aikinsa aka samu lissafin da har yau ake bugawa a jikin kwali: giram ɗaya na sitaci ko suga kalori 4 ne, na furotin 4, na mai ko kitse 9. Abin da ya dami Atwater shi ne yadda leburan masana'anta zai samu ƙarfin aiki da ɗan albashinsa. Ka ga tambayarsa ba ta yi nisa da ta Sayyidina Umar ba.

Rage ƙiba kuwa wani reshe ne daban. A 1863 wani mai sana'ar jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ƙasida a kan yadda ya rage nauyi ta hanyar barin suga da burodi da dankali, ta yi farin jini ƙwarai. A 1918 wata likita a Amurka, Lulu Hunt Peters, ta fitar da littafin da ya koya wa mata ƙirga kalori don su rame. Tun daga nan kalmar ta samu fuska biyu: ma'aunin ceton mai yunwa, da ma'aunin tsoron mai ƙoshi.

Mu a nan da fuskar farko muka fara saninta. An kafa hukumar FAO a 1945, Hukumar Abinci ta Duniya da muke kira PAM kuma a farkon shekarun 1960. Masu agaji suna lissafin cewa in jama'a sun dogara kacokan da taimako, to a ba kowane mutum abin da ya kai kalori 2,100 a kullum. Da wannan lissafi ake loda motocin da ke zuwa Adre, inda 'yan'uwanmu na Sudan suke ta kwararowa tun Afrilun 2023.

To, yanzu mu haɗa ma'aunan biyu. Malamai sun yi saɓani wajen mayar da sa'i zuwa kilo, saboda sa'i ma'aunin cika ne, ba na nauyi ba, kuma hatsi ya bambanta. Ƙiyasinsu yana tsakanin kilo biyu zuwa uku. Mudu ɗaya ke nan rabin kilo ne ko sama da haka. Giram 100 na gero yana da kalori wajen 360 zuwa 380. Rabin kilo zai ba da kusan 1,800, giram 600 kuma ya haura 2,100. Ko an cire dusar da surfe ke ɗauka, in aka ƙara miya da ɗan mai, lissafin ya dawo wurin. Ashe mudun da fiƙihu ya ce a ba miskini da kalorin da masu agaji suka ƙayyade kusan abu ɗaya ne. Ba sai mun kai maganar nesa ba: jikin ɗan Adam ɗaya ne, masu lura na da da na yanzu shi suka auna.

Abin da kalori ba ta gani

Tun ana tsakiyar murna da wannan ma'auni aka gane yana da makanta. A 1912 Casimir Funk ya raɗa sunan bitamin ga wasu sinadarai da ba su da kalori ko ɗaya, amma rashinsu na kwantar da mutum. A 1933 wata likitar yara, Cicely Williams, da ke aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ta bayyana ciwon yaran da aka yaye aka bar su da kokon masara zalla: ciki cike, ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja. Da sunan da mutanen wurin ke kiransa, kwashoko, duniya ta san shi. Kwalbar lemo da ƙwaryar nono za su iya zuwa ɗaya a kalori, amma ɗaya ruwan suga ce kawai, ɗaya kuma tana gina ƙashi da tsoka.

Ƙasar nan tana da nata rabo a wannan tarihi. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ga wasu korayen ɓarɓashi ana sayarwa a kasuwar Fort-Lamy. Dihe ne, wanda matan Kanembu suke tacewa daga tafkunan kanwa na Kanem, su shanya a kan yashi, a sa a miya. Da aka bincika sai aka tarar fiye da rabin nauyinsa furotin ne. Yau ana sayar da shi a Turai cikin kwalabe da tsada da sunan spirulina, alhali wasunmu suna raina shi a matsayin abincin ƙauye. Haka nan a 1996 likita André Briend da abokin aikinsa Michel Lescanne suka haɗa wannan ƙullin gyaɗa da madara da suga da mai da ake ba yara masu tamowa, Plumpy'Nut, wanda ƙunshi ɗaya mai giram 92 ke ɗauke da kalori 500. A Chadi aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa na farko, kuma a yunwar 2005 an ceci dubban yara da shi a Maraɗi. In kun duba da kyau, ɗan'uwan dakuwa ne da aka ƙara wa madara da bitamin.

Gari ya canza, tunani bai canza ba

A 1993 mutanen Njamena sun haura rabin miliyan, a 2009 sun kusa miliyan, yau kuwa sai abin da ya ƙaru. Tare da girman gari abinci ya sauya. Burodin Faransawa ya zama karin kumallo. Shinkafa da taliya sun matse tuwon gero da na masakwa. Shayi, wanda fataken hamada suka yaɗa, ya zama abin tarbar baƙo da abokin hira, suga kuma da a da ake fasa kansa da guduma ana lallaɓawa, yanzu ga shi a buhu, na Banda ta kusa da Sarh da na waje. Tafiyar ƙafa ta koma kan babur. Jikan mutumin da ya taka daga Kano zuwa Abeshe yanzu yana zaune a shago daga safe zuwa magariba, amma guzurin kakan nasa yake ci, har da ƙari.

Mu yi ɗan lissafi. Ƙaramin cokali na suga giram 4 ne, kalori 16. Wanda ke shan shayi zama uku a yini, kowane zama kofi uku, kowane kofi cokali biyu, ya sha cokali 18, wato giram 72. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sugan da ake ƙarawa ya wuce kashi goma cikin ɗari na abincin yini, kimanin giram 50 ga babba, in an rage zuwa rabin haka ya fi. Kwalbar lemo guda tana da wajen giram 35. Ba mu sa sugan kunu da na karkanji ba tukuna. Babban cokali na man gyaɗa kuwa kalori wajen 120 ne, ku ƙiyasta abin da ke cikin farantin fanke da ƙosai na buɗa baki. Shi ya sa wasu suke fita Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi.

Wannan ba matsalarmu kaɗai ba ce. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka. Amma namu ya fi ciwo ta wani gefe, domin yunwar ba ta tafi ba. A watan Yunin 2022 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci. A unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, za ka samu maigida da hawan jini da suga, ga kuma yaron da in aka ɗaura masa zaren awo a dantse zai nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi. Sau da yawa ba rashin abinci a gidan ne ya jawo ba, tsarin rabo ne: nama da kifi ga akushin manya, yara da mai shayarwa kuma sai abin da ya rage.

Tsohon tunanin ma ya samu sabon makami. 'Yan matanmu suna sayen ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe a hannun masu talla. Wasunsu irin dexamethasone ne, maganin da likita ke bayarwa don wata cuta daban. Kumburin da yake sa wa fuska da ciki ba lafiya ba ce, kuma yawan shansa na jawo suga da hawan jini da raunin ƙashi. A ɗaya gefen, wasu sun ga hotunan wayar hannu sun fara kwana da yunwa da shan shayin rage tumbi da ba a san abin da ke ciki ba. Duka biyun cutar da jiki ne, jiki kuwa amana ce. Game da hadisin Imrana ɗan Husaini (RA) na Buhari da Muslim, wanda ya ambaci bayyanar ƙiba a cikin mutanen da za su zo daga baya, malamai sun ce ana nufin masu faɗaɗawa a ci da sha, ban da wanda haka Allah Ya halicce shi. Don haka ba hujja ba ce ta yi wa kowa gori.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan ya bar mana aiki a hannu. Na farko, mu san mudunmu. Koron kasuwa na gero kan kai wajen kilo biyu da rabi, amma koro ya bambanta daga mai awo zuwa mai awo. Kafin zakkar fidda kai, kowane gida ya gwada kwanonsa da mudun Annabi da ke wajen liman, kada a tauye haƙƙin miskini. Na biyu, a gyara rabon akushi, a fara da yaro da mai ciki da mai shayarwa, su ne suka fi buƙatar ƙwai da kifi da wake da nono. Na uku, a rage sugan shayi sannu a hankali, harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Na huɗu, wanda ya haura shekara arba'in ya je a auna masa jini da suga ko da bai jin komai, domin waɗannan cututtuka ba sa sallama. Mai ciwon suga kuma ya ga likitansa tun Sha'aban, in an ce kada ya yi azumi to ya karɓi sauƙin da Allah Ya yi wa mara lafiya, ya tambayi malami abin da ke kansa. Na biyar, iyayenmu mata da surukai, don Allah a daina auna zaman lafiyar amarya da faɗin jikinta, wannan matsin ne ke tura yara wajen masu tallan ƙwaya.

Kuma duk abin da muka rage daga farantinmu, kada ya tsaya a aljihu. Sayyidina Umar da ya bar man shanu ba don ya rame ya bari ba, don mutanen Madina suna cikin yunwa ne. Kuɗin lemon mako ɗaya na wani gida zai sayi koro biyu ko uku na gero ga gidan marayun da ke bayan masallaci, kuma kowa a cikinmu ya san ƙofar gidan.

Allah Ya sa albarka a abin da Ya azurta mu da shi, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Allah ne Mafi sani.